Mai Hayar Kujeru Ya Ƙirga Majalisa

Tsahiru, ɗan ƙanena da ke karatun magani a Indiya,
ya turo mini hoto bayan azahar.
Na ɗauka ɓarin ƙwarya ne
aka jera wake a ciki, launi-launi.
Ya ce, Baffa, majalisar jihar da nake ke nan,
kowane ɗigo mutum ne, kowane launi jam'iyya.

Ni Nomau, shekara goma sha tara
ina ba da hayar kujeru a Mokoyo,
dala goma guda, in da rumfa mu yi ciniki.
Ba a nuna mini kujera in ƙi ƙirgawa.

Na sa tabarau, na buɗa hoton da yatsu biyu.
Ruwan goro tamanin cif.
Kore hamsin da bakwai, sun takure a hagu
kamar awakin da ruwa ya kora gindin katanga.
Shuɗi goma sha huɗu. Ja bakwai.
Sai wasu uku masu ruwan toka can a gefe.
Ya ce waɗannan ba su da uwa a gindin murhu,
da ƙafarsu suka zo.
Na lissafa a bayan kwalin shayi:
biyu suka rage wa masu ruwan goro su riƙe gidan.
Na ce, yaro, kada ka ji tausayin ukun nan,
yau ko a Kadro babu kaya mai tsadarsu.

Ai na san kujera.
Tawa ta zauna ƙarƙashin kowace tuta a garin nan.
Da hantsi a kai ta gangamin waɗannan,
da la'asar a kakkaɓe ta a kai wa waɗancan,
ba ta taɓa tambayar mazaunai ra'ayinsu ba.
Na ga Lawali mai taya a layin gaba sau biyu rana ɗaya,
hula kawai ya sake,
tafin nasa iri ɗaya ne.

Habsu ta leƙo ta kafaɗata, hannunta duk ƙullu.
Ta ce, mata nawa ne a ciki?
Na juya wayar, na ƙara girman ɗigon,
har ya zama ƙwai, har ya dushe.
Ɗigo ba ya ɗaura kallabi.
Ba ya nuna wanda ya sayar da gona ya buga takardu,
ko wanda ke gyangyaɗi ana karanta kasafi,
ko wadda ta tashi da maganar rijiya aka ce lokaci ya ƙare.
Ta ce, to wannan hoton me ya faɗa maka?
Ta koma bakin kasko.

Sai a ƙirga ta uku na gan shi:
ɗaya fari, da'ira kawai, babu komai ciki,
tsakanin shuɗi da ja.
Na tambaya. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.
Ya ce, mai ita ya rasu da damina,
ba a yi zaɓen cike gurbi ba tukuna.

Ban faɗa masa ba.
Akwai wata a bakin shagona, ƙafar baya ɗaure da waya,
wadda ubansa Ma'azu ke zama yana riƙe mini littafi.
Shekara huɗu ban ba da ita haya ba.
Ko ranar da aka rasa wurin zama a sunan gidan Rabe
na ce ta karye.
Ita ma tana cikin lissafi, ba ta cikin ciniki.

Gab da magariba amalanke ya dawo daga Zariya,
yara suka sauke, goma-goma.
Ɗari da hamsin suka fita.
Ɗari da arba'in da tara.
Na ce a sake.
Ɗari da arba'in da tara.

Na ajiye wayar kan kujerar Ma'azu,
majalisar tana haske, ta mutu da kanta,
na kama ƙirga da hannuna, ina taɓa bayan kowace.