Reshen Lemo

Daga saman kabad na sauko da ita,
cikin kwalin da na ɗaure da igiyar shanya.
Wata goma sha ɗaya take barci a can, ba ci ba sha.
Eleuterio ne ya sayo ta, ranar da aka biya su a tashar jiragen ruwa,
ya hawo matakalar tudun nan da ita a kafaɗa,
yana haki, yana dariya.
Shekara goma sha tara ke nan.
Shi ya tafi. Ita roba ce, tana nan.

Disamba a Valparaíso zafi ne,
rana tana gasa kwanon rufi tun hantsi.
Na juye gwangwanin ajiya a kan tebur:
peso dubu huɗu, da maɓalli guda da ya yi ɓatan kai.
Ximena ta ce za ta aiko daga Calama,
amma albashi sai ƙarshen wata,
Kirsimeti kuwa ba ta san jira ba.

To, daidai ruwa daidai tsaki.

Ƙafarta ɗaya ta karye tun bara waccan.
Na dasa ta a tsohon bokitin fenti,
Baltazar ya ciko shi da yashin bakin teku,
rabi a bokiti, rabi a takalminsa.
Muka bi rassan muna miƙar da su ɗaya ɗaya
kamar mai tausa wa tsohuwa yatsu.

A kanti, ƙwallon ado shida sun fi kifin kwana uku tsada.
Na duba, na gaishe su, na wuce.
Katantanwar teku muka wanke,
muka shafe da ragowar jan farcen Ximena.
Takardar azurfa ta cikin kwalin shayi,
tun watan takwas nake lallaɓa ta da bayan cokali.
Kuɗin ya tafi a kan zare, da gam, da auduga ƙulli biyu.
Yaron ya yayyafa audugar, wai dusar ƙanƙara,
shi da bai taɓa taɓa ta ba,
gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Fitilun, talatin ne da can.
Goma sha ɗaya suka amsa kira.
Hortensia ta miƙo wayar wuta ta kan katanga,
ta ce in dawo mata da ita kafin sabuwar shekara,
kamar yadda ta ce bara.

Tauraro kuma, murfin gwangwanin sadin.
Almakashi ya ci, ya ci yatsana.
Ƙusurwa biyar na nufa, huɗu da rabi suka fito,
kuma har yanzu in ka matso kusa
za ka ji sama tana ƙarnin kifi.

Saura giɓin.
Akwai reshen da ya ɓace a wata ƙaura,
kullum wajen nake juyawa ga bango.
Baltazar ya tsaya yana kallon ramin, bai ce uffan ba,
ya fita tsakar gida,
ya dawo da reshen lemo, ɗanye sharaf, da ƙayarsa,
ya soka shi a gurbin.

Na buɗe baki zan ce ba su dace ba.
Sai ƙamshin ya riga ni.

Yau kwana tara.
Robar tana nan kore shar, ko gezau.
Reshen lemon ne kaɗai ya sunkuyar da kai,
ganyensa na naɗewa, yana faɗowa kan auduga.
Kowace safiya ina share su da tafin hannu,
kuma ban juya shi ga bango ba.