Ruwan Da Ba A Sha

Ɗana Barmu ya aiko da tikiti daga ƙasar sanyi,
ya ce, "Inna, kwana tara a kan teku, je ki huta."
Ni Magaram ta Garin Malam,
wadda babban ruwan da ta sani shi ne tafkin Gidimuni,
shi ma ta tagar mota.

Na je, na dawo. Ga tsakar gida cike da maƙwabta,
kowa na son jin ko a je, ko kar a je.
To, ku matso.

Jirgin ya fi layinmu tsawo,
duwatsun Birni ba su kai kafaɗarsa ba.
Daren farko na murɗa famfo, ruwa ya zo,
ba tari, ba shaƙewa, ba hucin iska.
Na rufe, na sake buɗewa don in kama shi da ƙarya.
Ya zo.
Sai na zauna bakin baho ina kuka,
ni da na shekara arba'in ina tashi ƙarfe uku na dare
in jera jarkoki, in jira.

Ban hura wuta ba, ban kankare tukunya ba,
ba wadda ta yi sallama neman aron turmi.
Gwiwata ta manta da ƙorafinta.
Na ga rana ta faɗa ruwa da jan garwashinta
ba ta ce cuu ba.

Amma alƙibla ba ta zama wuri guda.
In na kabbarta tana gabana,
kafin in sallame ta koma kunnen hagu.
Kwana biyu cikina bai yarda da ni ba.
Ɗakina ba taga, kamar an ajiye ni a rumbu,
sai agogo ya ce gari ya waye in yarda.

A sauke mu da hantsi, a kaɗa mu bayan mai tuta,
a kwashe mu kafin la'asar.
Gari biyar na taka,
ban san sunan mutum guda ba,
ban sha ruwan gidan kowa ba.
Ku faɗa mini, wannan ziyara ce?

Abinci kam tuli.
Na ga rabin kaza, cizo ɗaya, an juye ta a shara.
Na kau da kai.

Rana ta huɗu na yi atishawa,
yaron da ke gyara mini gado ya ce, "Sannu, Inna."
Ashe ɗan Matamaye ne, sunansa Ƙanta.
Wata takwas yana kwana can ƙasa, jikin inji,
inda ruwa ke bisa kansa.
Hutuna duka a gadon bayansa aka shimfiɗa shi.
Na ciro kilishin da na ɓoye a gindin jaka,
ya daɗe yana sansanawa kafin ya ci.

Kuɗin? Barmu ya ƙi faɗi, na matsa.
Da ya faɗa, na ƙirga a yatsu:
tanki a kan soro, gyaran katanga,
har da canjin da za a sai akuya.
Ban ce masa komai ba. Kyautar ɗa ba a auna ta a gabansa.

Ga kwalba nan na cika muku, ku ɗanɗana.
Tsahara ta kurɓa ta tofar,
ta ce, "Duk wannan ruwa, ba a sha?"
Na ce ba a sha.
Ta ce, "In ya sake aikowa fa, za ki koma?"
Na gyara kallabi, na ce shayi na hucewa.

Da dare gadona bai daina lilo ba,
ina rufe ido sai shuɗi, ba iyaka.
Can wajen ƙarfe uku famfo ya yi tari.
Na lalubo takalmi.