Gurbi Na Bakwai

"Kashe wuta tukuna, Nélida,"
in ji Evaristo Quilodrán, bai ko ɗago kai ba.
Shekara talatin da ɗaya yana faɗin wannan
ga duk wanda ya doshi akwatin ƙarfen nan da zumuɗi.
Na kashe. Fankar baya ta yi tari, ta yi shiru.
A waje iskar Bariloche na dukan taga,
tafkin Nahuel Huapi ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Gurbi goma sha biyu, jere kamar haƙoran mataji,
na bakwai ne wawulo.
Na ɗauko amfilifaya, siririya, sanyi ƙalau,
na dora ta kan 'yar hanyarta sama da ƙasa,
na tura.
"Kada ki tilasta. In ta ƙi, da dalili."
Can ciki, inda ido ba ya kaiwa,
ƙananan haƙora na lalubar ramukansu a duhu,
sai na ji ta zauna,
zama irin na baƙon da ya gane gidan.
Noti biyu, da yatsa kawai.

Sai wayoyi.
Baƙa daga na'urar da ke kwance tun jiya
cikin sanyin ruwan naitirojin, tana huci fari.
Ja mai ɗauke da volt dubu uku, ba ta wasa da yaro.
Tura, murɗa kaɗan, ƙas.
Ya ce a ɗaga wutar yadda ake ta da majinyaci:
ɗari, a jira,
ɗari, a jira.

Allo ya yi kore. Ga bugun nan,
ƙwayar zarra ta yi magana daga cikin darma.
Amma kowane bugu da ɗan rakiya a bayansa,
ƙarami, gurgu, ba a gayyace shi ba.
Na sauya waya. Na zargi soket.
Na zargi kamfanin da ya ƙera, na zargi hannuna.
Sha ɗaya ta gota, shayin mate ya huce a ƙoƙo.

Shi ya gani tun ɗazu, na san ya gani,
ya bar ni ne in sha wuyar da ba a mantawa.
Can ya sa hannu a aljihun riga,
ya fito da wani abu da bai kai ƙwallon dabino ba.
"Om hamsin," ya ce. "Murfin baki.
Waya in ba a rufe mata ƙarshe ba,
abin da kika faɗa shi za ta maido miki."

Ya kai hannu zai ɗaura.
Hannun ya yi rawa, ya kuskure.
Ya sake, ya kuskure.
Na mai da ido kan allo, kamar ban gani ba,
har na ji ɗumin ƙarfen a tafina.

Ƙas.
Ɗan rakiya ya ɓace.
Bugu ɗaya, tsaf, ya hau ya sauka,
lambobi suka kama ƙirga abin da ba mai gani.

Ran Juma'a zai kwashe kayansa daga durowa.
Na ce gobe zan nemo wani in maido masa nasa.
Yana naɗa mayafin wuya, ya girgiza kai,
ya kashe fitilar ɗaki,
ya bar akwatin a kunne.
Muka fita cikin dusar ƙanƙara,
yana tambaya ko motar ƙarshe ta wuce.