Bokitin Murdo

Ƙarfe huɗu da rabi gari ya waye a gaɓar Fife,
teku na tari a bayan tudun yashi.
Na ɗauki bokitin Murdo, mahaifina,
wanda tafinsa ya cinye mariƙin har ya yi santsi.
Kashi uku yashi, ɗaya baƙar ƙasa,
sai iri, cikin cokali biyu.

Jiya 'yan golf ɗari da arba'in suka ratsa nan.
Duk sandar da ta sauka
sai ta fille wa filin fata, faɗin tafin hannu,
ta wurgar gaba.
Ƙwallo ta tashi, ido ya bi ta.
Wa ke waiwayen ƙasa?

Ni ce mai waiwaye.
Sun sha gaishe ni ba su san sunana Ishbel ba.
In na tsinci yankin da sauran saiwa a jikinsa
nakan mai da shi gurbinsa, kai ga kai,
in danna da diddige sau biyu.
In ya marmashe, sai yashi da iri,
a share daidai da baki, kada ya yi tozo,
don tozo ke dakushe wuƙar injin yanka.

Hankaki na tsaye kan turke yana lissafi.
Ya san ƙarƙashin kowane faci akwai tsutsa.
Ina juya baya zai kifar da aikina,
in dawo gobe in gyara.
Shekara goma sha tara muna wannan shari'ar,
ba wanda ya ci.

A hanyar rami na bakwai
wani ya mai da ciyawa a kife,
saiwa na kallon sama, kore a binne.
Ƙaramin sawu ne a gefe, takalmin yaro.
Na juya ta ban yi tsaki ba.
Ko ba komai ya sunkuya.

Da sanyi ya shigo za mu raba 'yan tabarmi,
kowa ya ɗora ƙwallonsa a kai ya buga,
su yi ta gunaguni har Maris.
Ciyawa mai barci ba ta ɗinke rauni.

Ran Lahadi na je gidan tsofaffi.
Murdo ya kira ni da sunan ƙanwarsa,
ya tambayi jirgin ruwan da ya daɗe da ruɓewa.
Da na kama shi muka nufi taga
sai ya tsaya cak a tsakar ɗaki
inda kafet ya ɗan ɗaga baki.
Ya sa diddige.
Sau biyu.

Yau iska daga gabas take, da gishiri a bakinta.
Saura ramuka goma sha ɗaya,
bokiti ya kai rabi,
kuma ga motar farko can tana shigowa.