Dutsen Iyaka

Na saɓo buhun dankali a kafaɗa,
na farin da gonata ta bayar bana,
na bi gaɓar Tafkin Titikaka da sassafe,
raɓa ta daskare a kan ciyawa kamar gishiri.
Lahadin godiya ce.
Na sa hular da Eulalia ta saƙa mini,
ina tafe ina gwada nauyin kyautata da ta maƙwabta.

Majami'armu ɗaki ne na tubali,
rufin kwano, benci bakwai, ɗaya gurgu.
Tsoho Nemesio Chambi ke wa'azi,
mai giɓi, kalmominsa na fita da iska,
tabaraunsa ɗaure da zaren ulu.
Ya bi layi da yatsa, ya juya mana da Aimara
abin da Yesu ya ce wa mai kawo baiko:
in ka iso, ka tuna akwai wanda ka cuta,
ajiye kayan nan, ba su gudu,
je ka nemo mutumin tukuna.

Bai ko dube ni ba.
Wata kaza da ta shigo ta ƙofa yake kallo.

Shekara huɗu ke nan, a daren da ba farin wata,
na mirgina dutsen iyaka taku uku
cikin gonar Saturnino Apaza,
yana kwance a asibitin Puno da karaya.
Da ya dawo ya daɗe tsaye a wurin,
bai ce uffan ba, gaisuwa kawai ya janye.
Kunya uku na ƙwace masa,
ta huɗu ta biyo ni gida,
tana kwana tsakanina da matata.
Rabin buhun nan daga can aka haƙo shi.

Na dire. Eulalia ta kama bakin mayafina, na zame.
Ana tsakar waƙa na fita.

Na iske shi yana ɗinkin koma a bakin ruwa.
Na tsara magana a hanya, doguwa, mai daɗi,
da na buɗe baki sai "Dutsen nan" ya fito.
Ya ce, "Na sani."
Ya ci gaba da ɗinki har ya toshe ɓula goma,
ni ko ina tsaye kamar turken jaki.
Sannan ya miƙo mini dogon ƙarfe,
ya biyo ni yana ɗingishi.

Dutsen da na tura ni kaɗai cikin duhu
da rana tsaka ya ƙi motsi.
Ƙasa ta riƙe shi, saiwa ta naɗe shi,
na yi nishi har hula ta faɗi,
sai da ya kawo kafaɗarsa kusa da tawa.
Gurbin farko na nan ƙarƙashin ciyawa,
ya gane shi ba awo ba igiya.

Bai rungume ni ba, bai ce ya yafe ba.
Ya ce, "Shekara huɗu, buhu shida."
Na ce, "Zan biya."
Har ya juya, sai ya ce da ƙeya,
"A gai da Eulalia."

Rana ta karkata kafin in koma.
Jama'a sun watse, an kwashe baiko duka sai nawa,
Nemesio na gyangyaɗi a kan gurgun benci,
littafi a cinya, kaza na tsattsagar bakin buhu.
Ya farka ya ce, "Na hana su taɓawa,
mai shi bai miƙa ba tukuna."

Na shimfiɗa mayafi na juye rabi,
na ƙulle, wannan na Saturnino ne.
Sauran na ɗauka da hannu ɗaya,
farce a tsage, laka har gwiwar hannu.
Tun da nake ban taɓa kawo kaɗan haka ba.
Tsohon ya gyara tabarau, ya tashi da ƙyar,
ya karɓa da hannu biyu.