Harafi Mai Ƙugiya

Ƙarfe ɗayan dare, a wani bene kan Titin Gidan Zu,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da hasken kwamfuta
da hotuna ɗari uku da sha bakwai
waɗanda zan tace su koma sha biyu.

Hajiya Zuwaira ta ce, "Ki cika min kowane shafi,
kuɗin takarda nake biya, ba kuɗin iska ba."
Na ce to.
Amma atamfa ma tana son wurin numfashi.
In aka cusa zane a kan zane
sai shafi ya zama Kwari ranar jajibere,
ido ya gaji, bai taya komai ba.
Shi ya sa na bar farin fili a hagu,
kamar tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙo
bai ƙaraso ba tukuna.

Ga Murja a shafi na uku,
jingine da jar katanga a lungun Ɗandago,
rigarta shuɗiya har ƙasa,
iska ta ɗaga gefen mayafi
daidai lokacin da Nazifi ya danna.
Ba mu take kallo ba.
Mai awara take hange a tsallaken kwata,
tun safe ba ta karya ba.
Masu buɗe littafin za su ce kamun kai ne.
Ni na san yunwa ce, kuma ba zan faɗa ba.

Saƙo ya shigo waya: "A ɗan ƙara mata haske."
Na gane irin hasken.
Na ɗora yatsa, na ja,
fuskarta ta fara tsinkewa kamar kokon da aka yi wa ruwa,
rigar ta rasa abokiyar hira.
Na mayar da ita yadda Allah ya yi ta.
Baƙin nan da shuɗin nan 'yan ɗaki ɗaya ne,
ba da hannuna za a raba zumunci ba.

Sai sunan kamfani: Ƙyalli.
Na zaɓo rubutu siriri, mai dogon wuya irin na balbela,
wanda aka zana a wata ƙasa mai nisa.
Ina buga sunan
sai harafin farko ya zama akwati, fanko, ba kowa ciki.
Wanda ya zana bai taɓa jin ƙa ba,
bai san akwai maƙogwaron da ke ƙyastawa kafin ya yi magana ba.
In bar shi Kyalli?
Kamar a gama riga ne a manta a fitar da wuya.
Na ɗauko nasu harafin, na buɗa shi ya cika allo,
na shiga lanƙwasa masa kai
a hankali, yadda ake karya bakin ɗankwali gaban madubi,
in ɗaura, in kwance, in sake.
Awa biyu a kan ƙugiya ɗaya
da ba wanda zai lura da ita
sai ranar da babu ita.

Shafin ƙarshe ne ya ƙi ci.
Na koma cikin waɗanda aka zubar,
na tsinci na ɗari biyu da tara:
Nazifi yana gwada kyamara ne ya ɗauka.
Ba fuska.
Hannun Asabe kawai a kan keken ɗinki,
alli a babban yatsa,
lallen da ya koɗe tun bikin watan jiya,
da shuɗin yadin nan yana gangarowa ƙarƙashin allura
tun bai san jikin wa zai hau ba.

Na sa shi.
Na rubuta sunanta ƙanana a ƙasa,
har da na mahaifinta.

An fara kiran assalatu daga wajen Hausawa.
Batiri saura kashi huɗu.
Mai ɗab'i ya ce in kai kafin tara.
Wataƙila Hajiya ta ce a cire hannun,
a sa jaka da takalmi.
Wataƙila kuma ta yi shiru,
ta gyara tabarau,
ta daɗe a shafin.