Ɗiga, Ka Ɗaga

Asabar a Sheffield, yayyafi tun asuba.
Na tashi daga aikin dare a asibiti,
ban nufi gado ba, gareji na nufa,
inda tsoho Haigh, maƙwabcina, ke jira
da shayin da ya manta har ya huce,
da fallen ƙarfe biyu, kaurinsu da kaɗan ya ɗara farce.

Ba mu gaji ƙira ba a gidanmu.
Kakana jima ya yi, ubana ɗinki,
ni kuwa jijiya nake nema da allura.
Sha'awar walda ta same ni da furfura a gemu,
ta ƙi jin kunya, ni ma na ƙi.

Na sauke hular duhu, duniya ta ɗauke.
Na taɓa waya, wuta ta haihu, 'yar shuɗiya,
na ja ta a miƙe kamar mai jan layi a littafi.
Da na ɗage hula: rami.
Rami sosai, kamar ɓera ya kwana uku yana ci,
ina hango takalmina ta ciki.

Haigh ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'anta
kafin a garƙama mata kwaɗo.
Yanzu hannunsa rawa yake, ko cokali gardama suke,
kunne ne ya rage masa.
Ya ce, "Sallau, tsawa kake yi wa takarda.
Mai kauri zai yafe maka,
siriri bai san yafiya ba.
Ɗiga, ka ɗaga. Bar shi ya sha iska."

Na rage wuta.
Na ɗiga nan, na tsallaka can,
kamar mai shuka, taku ɗaya, ƙwaya uku.
Ya juya mini baya yana saurare:
"Wannan tofi ne. Wannan atishawa.
Matso kusa. Yawwa, ka ji ta!"
Shi ya ce ƙarar suyar safe ce a kicin ɗin uwarsa,
ni ƙosai na ji ya faɗa mai.

Tartsatsi ya shiga safata ranar,
na yi rawar da ban taɓa yi a biki ba.

Mako na huɗu ban huda ko'ina ba.
Ban gama murna ba fallen ya kantare,
ya bankare kamar kifin da ya sha hayaƙi,
kusurwa ɗaya a sama, tana mini gwalo.
"Zafi ba ya ɓata," in ji Haigh, "wuri yake sakewa.
Ka tara shi gefe guda, sai ya ja sauran."
Na yi shiru.
Na tuna daren Laraba, a bakin famfon wanke-wanke,
abin da na juye wa Rumasa'u, 'yata,
a numfashi ɗaya, ba ɗagawa,
da yadda kafaɗarta ta karkace ta bar ɗakin.

Wata biyu na yi a kan kurfoti guda.
Ramukan da na ɓarke na toshe su,
jan ƙarfe a baya, ɗigo a gaba,
na goge tabon da injin gurza har maƙwabta suka leƙo.
Ƙafarsa ɗaya ta gaza, sai da na sa mata tsakuwa.

Haigh ya rufe ido, ya bi ɗinkin da babban yatsa,
ya tsaya a wani ƙulli, ya wuce.
"Mummuna ne," ya ce. "Zai riƙe."

Da yamma muka zuba gawayi a bayan gida.
Rumasa'u ta fito ba a kira ta ba,
riƙe da lema da masara uku,
ta tsuguna tana fifita da kwalin da wayar walda ta zo a ciki.
Ta ce, "Baba, nan gefen hayaƙi na fita."
Na duba. Yana fita.
Na ce, Asabar mai zuwa.